Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Bibiyar Wasan Manyan Gwanayen Darar Ces Daga Kano

Duk lokacin da aka fara wata babbar gasa, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa majalisarmu ta masu buga darar ces, wadda muke zama bayan La'asar a wata rumfa kusa da titin gidan Zoo. Yau ɗalibi daga Jami'ar Bayero ya yi tambaya, gobe wani ɗan Kantin Kwari da ya koyi wasan a waya ya maimaita ta kusan kalma da kalma. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Na ɗauka mai karatu ya riga ya san yadda kowane ɗa yake tafiya. Sunayen da muke kiran 'ya'yan da su a majalisa su ne sarki, sarauniya, hasumiya, giwa, doki da dakare.

Wane ne babban gwani, kuma wa yake naɗa shi?

Hukumar darar ces ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a Faris a 1924, ita ke ba da wannan matsayi, kuma shi ne ake taƙaitawa da GM a gaban sunan ɗan wasa. A 1950 ta fara bayar da shi a hukumance, ga mutum 27. Hanyar da aka fi bi ita ce makin mutum ya taɓa kaiwa 2500, sannan ya nuna bajinta a gasa yawanci uku, jimillar wasa 27 aƙalla, cikinsu har da karawa da waɗanda suka riga shi samun rawanin. In an naɗa an naɗa ke nan har mutuwa, sai dai in an kama mutum da maguɗi.

Amma gwani suna ne ya tara su. Waɗanda suka haura 2700, 'yan gomomi ne kawai a duniya, kuma wasanninsu ne wannan shafi ya fi magana a kai. A Afirka, Masar ce a gaba: Bassem Amin, wanda likita ne, shi ne ɗan nahiyar na farko da ya taɓa 2700. Amon Simutowe na Zambiya ne farkon wanda ya samu matsayin a kudu da Sahara. Tunde Onakoya, da mutanenmu suka fi sani saboda wasan awa 60 da ya yi a birnin New York a watan Afrilun 2024, sunansa ya fito ne ta koyar da yaran unguwannin talakawa a Legas, ba ta wannan rawani ba.

Lambar da ake sawa kusa da suna, kamar 2750, mece ce?

Makin Elo ke nan, sunan Arpad Elo da ya ƙirƙiro lissafin, wanda FIDE ta ɗauka a 1970. Ka ci wanda ya fi ka maki ka samu da yawa, wanda bai kai ka ba ya ci ka ka zubar da yawa. Tazarar maki 100 tana nufin ana sa ran na sama ya kwashi wajen kashi 64 cikin ɗari in sun yi ta karawa, tazarar 200 kuma wajen kashi 76. Mafi girman da aka taɓa gani shi ne 2882, na Magnus Carlsen ɗan Norwe, a 2014. Makin da kake da shi a manhajar waya ba wannan ba ne, kada ka haɗa su.

A ina zan kalli wasannin, kuma ƙarfe nawa a agogon Kano?

Lichess kyauta ne gaba ɗaya, ba talla, kuma yana da sashen da ke nuna manyan gasa kai tsaye. Chess.com ma yana nunawa, FIDE kuma tana da tasha a YouTube. Ana buga wasannin ne a kan allon da ke gane inda kowane ɗa yake, shi yake aika takun zuwa intanet. Wanda datarsa ba ta da kauri ya bar bidiyo ya bi allon kawai. Takun wasa guda bai kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba, kuma ko an ɗauke wuta, cajin waya zai kai ka har a tashi.

Gasar da ta fi yi wa ɗan Kano daɗin lokaci ita ce Tata Steel, da ake yi duk watan Janairu a ƙauyen Wijk aan Zee na bakin teku a Holan. A wannan watan agogonmu da nasu ɗaya ne, ana farawa ƙarfe 2 na rana, wasa ya ɗauki zafi wajen Magariba. Gasar Sinquefield a St. Louis ta Amurka kuwa, mun riga su da awa shida, don haka sai dare. Wasan kambun duniya na 2024 a Singafo ƙarfe 10 na safe yake farawa a nan, lokacin da kasuwa ke buɗewa, kuma na san masu shaguna da suka riƙa auna yadi da hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun.

Malam, ina matsayin wannan wasa a addini?

Ba wata da zai wuce ba a yi wannan tambayar ba. Malamanmu sun san wasan da sunansa na Larabci, shaɗaranji, kuma sun daɗe da magana a kansa. Malikiyya da muke bi a nan ta tsananta: wanda ya karanta Risala ya ga inda aka hana shi tare da nardu, wani wasan allo da ake jefa ƙwaya irin ta lido, har aka karhanta zama a kalli masu yi. Shafi'iyya sun sassauta zuwa karhanci, matuƙar babu caca, babu wasa da Sallah, babu zage-zage. Inda babu saɓani ko kaɗan shi ne caca da tozarta lokacin Sallah. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, ka kai wa malaminka. Abin da muke yi a majalisa dai, da an kira Sallah ake tashi, kuma ba a sa ko sisi a kan wasa.

Yaya ake karanta rubutu irin su Nf3, Bxe5 da O-O?

Allon gida 64 ne. Layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance suna da lambobi daga 1 zuwa 8, ana ƙirgawa daga ɓangaren Fari. Kowane gida yana da adireshinsa ke nan, kamar e4 ko g7. Babban harafin farko yana nuna ɗan da ya motsa: K sarki, Q sarauniya, R hasumiya, B giwa, N doki. Dakare ba shi da harafi, talaka ne, gidan da ya je kawai ake rubutawa. Nf3 na nufin doki ya je f3. Harafin x ci ne, alamar + cek ce, wato an yi wa sarki barazana, # kuma an kashe wasa. O-O shigar da sarki ɗaki ne ta gajeren ɓangare, O-O-O ta dogon. In ka ga ɗigo uku bayan lamba, kamar 17...Be6, takun Baƙi ne.

Alamar motsin rai da ta tambaya ra'ayin mai sharhi ne: ! taku mai kyau, !! na ban mamaki, ? kuskure, ?? katoɓara, !? mai jan hankali, ?! mai shakku. Sakamako kuwa 1-0 Fari ya ci, 0-1 Baƙi ya ci, ½-½ kunnen doki. Ka yi kwana uku kana buga rubutaccen wasa a kan allo na gaske, za ka ga ka daina lalube.

Me ya sa wasa ɗaya yake cin awa biyar ko shida?

Saboda agogo. Kowane ɗan wasa da nasa lokacin, yana tafiya ne kawai in takunsa ne. A gasar kambun duniya ta 2024 an ba kowa minti 120 don taku 40 na farko, sannan minti 30 don ragowar wasan, da ƙarin sakan 30 a kan kowane taku daga na 41. Wanda lokacinsa ya ƙare ya faɗi, ko da shi ke kan gaba, sai dai in abokin karawarsa ba shi da 'ya'yan da za su iya kashe sarki. Akwai wasan sauri, minti 15 da ƙarin sakan 10, da na walƙiya, minti 3 da ƙarin sakan 2, amma dogon wasa ne ake auna mutum da shi.

Mai kallo ya riƙa duba agogo kamar yadda yake duba allo. Tsakanin taku na 30 da na 40 ne wasanni suka fi ɓaci, lokacin da mutum ke da minti biyar ga taku goma. Mafi tsawon wasa a tarihin kambun duniya shi ne na shida tsakanin Carlsen da Ian Nepomniachtchi a Dubai a Disambar 2021: taku 136, awa 7 da minti 45, an fara da yamma aka gama bayan sha biyun dare. Carlsen ya ci, kuma abokin karawarsa bai sake dawowa hayyacinsa ba, ya faɗi wasu uku a cikin biyar da suka biyo baya.

Na ga sun zuba taku goma sha biyar cikin minti biyar, sai ɗaya ya tsaya ya yi rabin awa. Me ya faru?

Takun farko hadda ne. Mabuɗan wasa an yi musu suna, an rubuta littattafai a kansu: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bb5 shi ne Ruy Lopez, 1.e4 c5 Sisiliyan, 1.e4 e6 Faranshi, 1.d4 d5 2.c4 kuma shi ne wanda ake miƙa dakaren ɓangaren sarauniya. Kowane babban gwani yana da mataimaka da kwamfutoci da ke yi masa shirin gida, suna neman sabon taku a wurin da abokin karawa bai zata ba. Wanda ya tsaya tunani, haddarsa ce ta ƙare. Wanda yake ta yawo a ɗakin wasa hannu a aljihu, har yanzu yana cikin abin da ya karanta da safe.

A nan ne ainihin wasan yake farawa, kuma a nan ya kamata kai ma ka gyara zama. Tazarar agogo a wannan lokaci labari ce: in Fari yana da awa ɗaya da minti hamsin, Baƙi yana da awa ɗaya, an shammaci Baƙi ko da inji ya ce daidai suke. Shirin gida yana iya cin gasa sukutum. A gasar kambun duniya a Landan a 2000, Vladimir Kramnik ya tono tsohuwar kariyar Balin, wato 3...Nf6 a Ruy Lopez, wadda ake cire sarauniyoyi da wuri, Garry Kasparov mai riƙe da kambu ya yi ta dukan bango har aka gama bai ci wasa ko ɗaya ba, kambun ya tafi.

Sandar nan mai fari da baƙi a gefen allo, da lambobi kamar +0.7, me suke faɗa?

Ra'ayin inji ne, yawanci Stockfish, wanda kyauta ne kuma ya fi kowane ɗan Adam ƙarfi nesa ba kusa ba. Tun 1997 da injin Deep Blue ya doke Kasparov da 3½ da 2½ aka san inda aka dosa. Alamar + Fari ne a gaba, alamar − Baƙi ne, 0.00 daidai. Asalin ma'aunin dakare ne: dakare 1, doki da giwa wajen 3 kowanne, hasumiya 5, sarauniya 9. A sababbin Stockfish an daidaita lissafin yadda +1.00 ke nufin damar cin wasa rabi da rabi ce, in inji ne ke bugawa da inji.

To ga inda mutanenmu suke ɓata. Wannan "in inji ne ke bugawa" shi ne duk maganar. Akwai 0.00 da yaro zai riƙe ido rufe, akwai 0.00 da sai ka samo taku ɗaya tak, sau shida a jere, kowanne ya saɓa wa hankali, ga agogo yana ci. Sandar ba ta bambanta su. Tana kuma iya cewa +3 alhali cin yana ɓoye a wani taku na goma sha biyu da ba mahalukin da zai hango. Na sha ganin matashi yana tsaki a majalisa, wai "wannan ai bai iya ba," don sanda ta motsa, shi kuwa in ka tambaye shi dalilin motsin sai ya yi shiru. Wannan ba kallon dara ba ne, kallon sanda ne. Injin da ke cikin wayarka ma ba ya zurfafawa kamar na masu watsa gasar, yakan canza ra'ayi bayan sakan goma, ga zafi da cin caji.

Shawarata, kuma a kanta na fi tsayawa cikin duk shafin nan: ka kashe shi yayin da ake wasa, ka kunna bayan an tashi. Akwai maɓallin yin haka a Lichess da Chess.com.

In na kashe inji, to me zan duba?

Fara da ƙirga 'ya'ya, da ma'aunin da ke amsar da ta gabata. Sannan ka dubi sarakunan biyu: wanne ne dakarunsa ke tsaye a gabansa, wanne ne ƙofarsa a buɗe? Sai tsarin dakaru, wanda shi ne ginshiƙin komai, domin dakare ba ya komawa baya. Duk takun da ya yi ya bar gidajen da ba zai sake tsarewa ba har abada. Nemi dakaren da ya rabu da 'yan'uwansa, da biyun da suka hau layi ɗaya, da wanda ya tsallake babu dakaren abokin gaba da zai tare shi. Wannan na ƙarshen, in ya kai layin ƙarshe, sarauniya ake naɗa shi, kuma wasanni da yawa a kansa suke ƙarewa. Daga nan ka tambayi kanka: a kowane ɓangare, wane ɗa ne ya fi zaman banza? Sau da yawa takun gwani na gaba shi ne nema wa wannan ɗan aiki.

Da an yi sabon taku, kada ka ce "mai kyau ne ko mara kyau?" Ka ce "me yake nufi?" A wasan waɗannan mutane ruwa ba ya tsami banza. Doki ya koma baya daga f3 zuwa d2, kai ka ga kamar tsoro ne, alhali c4 ya nufa, daga can kuma d6. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Bi hanyar ɗan da ido har ka ga gidan da yake so.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi amfani kuma ya fi ciwo: kafin gwani ya taka, kai ka zaɓi naka takun ka rubuta a takarda. Ka fara da duba duk cek, duk ci, duk barazana, naka da na abokin gaba. In takunku ya zo ɗaya, madalla. In ya saɓa, ka sa alama, shi ne abin da za ka tambayi inji daga baya. Akwai wani dattijo tela a majalisarmu da bai taɓa buɗe inji ba, wayarsa ma ƙarama ce mai tocila. Mu muke karanto masa taku yana jerawa a allon katako. A tsakiyar wasa ya fi mu duka cankar takun gwani, domin shi tambayar "me yake nufi?" kaɗai ya iya.

Masu sharhi Turancinsu yana da sauri. Dole ne in saurare su?

Ba dole ba ne, amma kiban da suke zanawa a allo ba su da yare. Ka rage murya ka bi kiban. Abin da ya fi sharhin daraja shi ne hirar bayan wasa, inda 'yan wasan da kansu ke nuna abin da suka lissafa da abin da suka ji tsoro. A nan za ka ji wanda inji ya ce yana gaba da +2 yana cewa shi ya ɗauka faɗuwa zai yi.

Me ya sa kunnen doki ya yi yawa haka?

Domin dukansu sun iya kariya, kuma ɗan ƙaramin rinjaye ba ya isa a kashe sarki. Ana tashi kunnen doki in tsari ɗaya ya maimaitu sau uku, ko aka yi taku 50 kowanne ba ci ba motsin dakare, ko mai taku ya rasa inda zai taka alhali ba a yi masa cek ba, ko 'ya'yan da suka rage ba za su iya kashewa ba, ko kuma su biyun su yarda. Wasu gasa suna hana yarjejeniya kafin taku na 30 ko 40. A Landan a 2018, Carlsen da Fabiano Caruana sun yi dogon wasa 12 duk canjaras, sai a wasan sauri Carlsen ya ci uku a jere.

Kunnen doki iri biyu ne, kuma ba na ɓoye cewa ɗayan yana ba ni haushi. Akwai na taku ashirin na hadda, a yi musabaha a tafi cin abinci. Akwai kuma wanda aka yi awa shida ana kokawa, ɗaya ya danne, ɗaya ya ƙi kai bayansa ƙasa. Na biyun yakan fi wasan da aka ci koyarwa.

Ban ga an kashe sarki ba, amma an rubuta 1-0. Yaya aka yi?

Baƙi ne ya miƙa wuya. A wannan mataki, wanda ya rasa doki a banza ko ya ga dakare zai kai ga naɗi babu mai tare shi, yakan tsayar da agogo ya miƙa hannu. Ci gaba da wasa a irin wannan hali kamar raina abokin karawa ne. Wannan dama ce gare ka: ɗauki tsarin da aka tashi a kai, ka riƙe ɓangaren da ya ci, ka ba inji ɗaya ɓangaren, ka gani ko za ka iya ƙarasawa. Sau da yawa ba za ka iya ba. Akwai misali a amsar ƙarshe.

Su ma suna yin katoɓara?

Ƙwarai. A Sochi a 2014, wasa na shida na gasar kambun duniya, Carlsen ya taka 26.Kd2, kuskuren da zai ba Viswanathan Anand damar cin dakaru da 26...Nxe5. Anand bai gani ba, cikin hanzari ya taka 26...a4, kuma shi ya faɗi wasan a ƙarshe. Kramnik, yana riƙe da kambun duniya a 2006, ya bar wa inji Deep Fritz kisa a taku ɗaya. Gajiya, agogo da fargaba ne, abubuwan da amsar sandar inji ta ce ba ta aunawa.

Yaya zan gane sadaukarwa daga kuskure?

Ka dubi abin da aka saya da ɗan da aka bayar. In bayan an ci shi layi ya buɗe zuwa ga sarki, ko kowane taku na gaba cek ne ko barazanar da dole a amsa, to ciniki ne. Misalin da kowa ke kawowa shi ne Kasparov da Veselin Topalov a Wijk aan Zee a 1999. Kasparov ya ba da hasumiya da 24.Rxd4, ya miƙa ta biyu da 25.Re7+, ya koro sarkin Baƙi daga ɓangarensa har zuwa layin farko na Fari, ya ci a taku na 44. Abin da masu nazari suka nuna daga baya shi ne Topalov ba dole ne ya karɓi kyautar ba, 24...Kb6 zai riƙe shi. Don haka ko shahararriyar sadaukarwa takan bar ƙofa, sai dai ganin ƙofar a gaban agogo wani abu ne dabam.

Akwai kuma wadda ba ta da kisa a kusa, kamar a ba da hasumiya a karɓi doki don a mallaki gidaje masu launi ɗaya har ƙarshen wasa. Irin wannan sai ka yi taku goma sha biyar kafin ka ga ribar.

Me ya sa wani lokaci ake jinkirta nuna takun da minti 15?

Don toshe hanyar maguɗi. Tunda waya mai araha ta fi zakaran duniya, ishara ɗaya daga waje a wuri mai muhimmanci ta isa. Shi ya sa ake binciken 'yan wasa da na'ura a ƙofa, ake hana waya da agogon hannu, ake kuma jinkirta watsawa. Maganar ta yi zafi a 2022, da Carlsen ya janye daga gasar Sinquefield bayan Hans Niemann ya ci shi. An kai kotu, daga baya aka sasanta a 2023, kuma ba a tabbatar da maguɗi a wancan wasan ba.

Da wane wasa zan fara koyon nazari?

Kada ka fara da na bana, hadda ta yi musu yawa. Fara da wasan Paul Morphy a gidan waƙe-waƙe na Faris a 1858, taku 17 kacal, kowane ɗa ya fito ya yi aiki. Sai wasannin José Raúl Capablanca na Kuba, zakara daga 1921 zuwa 1927, wanda takunsa a fili suke kamar tafin hannu. Sai wasa na shida na Bobby Fischer da Boris Spassky a Reykjavik a 1972, wanda Spassky da ya faɗi ya bi 'yan kallo ya tafa. Ka bi kowanne sau uku: na farko da sauri don ka ga labarin, na biyu kana rufe takun gaba da takarda kana canka kamar yadda aka bayyana a amsar kashe inji, na uku da inji, a wuraren da ka sa wa alama kaɗai.

A kawo misali ɗaya cikakke: me ya faru a wasan ƙarshe na Ding da Gukesh?

Ranar 12 ga Disamba 2024, a Singafo, wasa na 14 kuma na ƙarshe, maki 6½ da 6½. Ding Liren na Sin, mai riƙe da kambu, shi ne Fari. An kai ƙarshen wasa kowa da hasumiya da giwa, Gukesh Dommaraju na Indiya da dakaru biyu a f5 da g4, Ding da ɗaya a g3. Sanda tana tsakiya, masu sharhi sun fara maganar wasan sauri na washegari. Amma agogon Ding ya yi ƙasa sosai da na Gukesh, kuma Gukesh ba abin da zai rasa in ya ci gaba da matsawa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ding ya taka 55.Rf2, yana neman a yi musayar hasumiyoyi, domin in giwaye kaɗai suka rage kunnen doki ne. Abin da ya kuɓuce masa shi ne giwarsa tana lungu a a8, ba ta da hanya sai dogon layin karkace guda ɗaya. Aka yi 55...Rxf2 56.Kxf2, sai 56...Bd5. Giwar Baƙi ta tsaya a kan wannan layin da sarkinta a bayanta, ta Fari ba inda za ta kauce. Aka yi 57.Bxd5 Kxd5 58.Ke3 Ke5, Ding ya miƙa hannu. Gukesh ya zama zakara yana da shekara 18, da maki 7½ da 6½.

Jera tsarin a allonka: sarkin Fari a e3 da dakare a g3, sarkin Baƙi a e5 da dakaru a f5 da g4, takun Fari ne. Gaba kura baya sayaki, duk inda sarkin Fari ya matsa ya ba da hanya. In ya je f2, sarkin Baƙi ya shiga d4, ya riƙa tura shi baya gida-gida har ya zagayo ya ci g3. In ya je d3, sai f4, kuma in an ci da gxf4+ sai Kxf4, Ke2 Kg3, Kf1 Kh2, sarkin Baƙi ya tsare g1, dakaren g4 ya taka g3, g2, a naɗa shi.